MAGANIN CIWO MAI ƘARFI: YADDA AKE BADA SHI A ASIBITI, DA ABIN DA YA RATAYA GA WUYANMU

Jawabin da anka gabatar ga taron ƴan ƙungiya mazauna Yamai

Muna godiya ga biron ƙungiya da ya ba mu wagga dama. Mu malaman lakwal aikinmu karatu da karantarwa, don haka abin da munka karanta bisa wanga al'amari shi za mu ajiye gabanku cikin harshen da kowa ke ji. Muna roƙon ku haƙurin saurare, tambayoyi su zo daga baya.

Dalilin zaɓen wagga magana kowa ya san shi. In mutumen garinmu ya kwanta ciwo, likitar gari ta gaza, Yamai ake kawo shi, kuma gidajenmu yake sauka. Mu ke raka shi asibiti, mu ke fassara mashi abin da lokotoro ya faɗi, mu ke ɗaukar takardar magani zuwa farmasi, sau da yawa kuma asusun ƙungiya ke biya. Cikin waɗanga baƙi namu akwai tsohuwa mai ciwon daji da ba ta barci don azaba, akwai yaro mai amosanin jini da ke kuka da ƙasusuwanshi. Ga kuma samarinmu, waɗanda wasunsu ba su iya fita aiki sai sun haɗiye tramol. Maganin da tsohuwa ke bukata da ƙwayar da ke cin saurayi dangi guda ne. Shi ya sa ya kamata mu san yadda masana ke bada shi, mu san inda amfaninshi ya tsaya da inda ɓarnarshi ta fara.

1. CIWO IRI BIYU NE

Akwai ciwo na ɗan lokaci, kamar na karaya, ko ƙuna, ko na bayan tiyata. Wanga ɗan aike ne, yana shaida ma mutum cewa wani wuri ya ɓaci, in wurin ya warke sai ya tafi.

Akwai kuma ciwo mai zama. Masana sun yi mashi iyaka: duk ciwon da ya wuce wata 3 yana nan, ko yana tafiya yana dawowa, ya shiga wanga layi. Ciwon baya na manomi da ɗan dako, ciwon gwiwa na tsofaffi, zafin ƙafafu na mai ciwon sukari, duk suna ciki. Wani lokaci raunin da ya kawo shi ya daɗe da warkewa, amma jijiyoyi sun saba da kai ƙara, ba su daina ba. Irin wanga ciwo yana hana barci, yana hana noma, yana kawo baƙin ciki da saurin fushi cikin gida.

Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin maganin da ke aiki sosai ga ciwon kwana 3 ba lalle ya yi aiki ga ciwon shekara 3 ba.

2. DANGIN MORFIN

Akwai wani fure da ake nomawa a ƙasashen Asiya da wasu wurare, wanda ake tatsar ƙaro daga ƙwallonshi. Daga wanga ƙaro ne wani mai haɗa magani na Jamus, Friedrich Sertürner, ya fitar da morfin a farkon ƙarni na 19. Kodin, wanda ake sa ma wasu magungunan tari, daga nan shi ma ya fito. Tramadol, wanda muke ce ma tramol, haɗin masana'anta ne: kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977.

Dukansu hanya guda suke bi cikin jiki. Suna rage saƙon ciwo kafin ya isa ga ƙwaƙwalwa, kuma suna kawo wani irin sanyin rai. Amma suna zuwa da kaya: taurin bayan gida, tashin zuciya, jiri, yawan barci. In sun yi yawa suna rage numfashi har ya tsaya, kuma ta nan ne suke kisa. Tramol yana da ƙarin haɗari nashi, in ya yi yawa yana sa mutum faɗuwa da jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Abu uku ya kamata mu rarrabe. Na farko, jiki yana sabawa, ƙwaya ɗaya da ta wadatar jiya sai ta kasa yau. Na biyu, in mutum ya daɗe yana sha anka tsayar mashi gaba ɗaya, zai yi gumi, da hamma, da zawo, da ciwon gaɓoɓi, da rashin barci. Wanga yana samun kowa, har mai sha bisa ƙa'ida. Na uku shi ne kamu, watau mutum ya koma neman ƙwaya don kanta, yana ƙarya, yana sayar da kayanshi, yana ganin ɓarna amma ya kasa bari. Tsohuwar da lokotoro ke ba morfin don ciwon daji tana iya samun na farko da na biyu, wannan bai mai da ita ƴar ƙwaya ba.

3. TSANI MAI MATAKI UKU

A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fitar da wani tsari don masu ciwon daji, wanda ta kwatanta da tsani. Mataki na farko shi ne magunguna masu sauƙi, irin su parasetamol, asfirin da ibuprofen. In ba su isa ba sai a hau na biyu, inda kodin da tramol suke. In ciwo ya fi ƙarfinsu sai mataki na uku, watau morfin da makamantanshi. Tsarin ya ce a bada magani ta baki in zai yiwu, kuma a bada shi bisa agogo, kar a jira sai ciwo ya dawo mutum ya fara kuka.

Ko mataki na farko yana da iyaka. Parasetamol in ya wuce giram 4 a yini ga babba yana lalata hanta. Ibuprofen da diklofenak, waɗanda mutanenmu ke sha kamar gyaɗa, suna cin ciki, suna kuma taɓa ƙoda in an daɗe ana sha.

4. YADDA GIDAJEN KULA DA CIWO KE AIKI

A wasu ƙasashe akwai sashen asibiti da ba ya da aiki sai ciwo mai zama. Wani lokotoro na Amurka, John Bonica, shi ya yi suna wajen kafa irinshi a birnin Seattle a farkon shekarun 1960. Dabararshi ita ce a tara masana daban-daban bisa maras lafiya guda: mai magani, mai gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, da mai kula da damuwar zuciya. Ga ƙa'idodin da irin waɗanga wurare ke bi a yau kafin su bada dangin morfin, da bayan sun bada.

Na ɗaya, bincike. Ana tambayar maras lafiya inda ciwon yake, tun yaushe, me ke tada shi, me ke kwantar da shi. Ana ce mashi ya auna shi daga 0 zuwa 10, sifili babu ciwo, 10 azabar da ba ta da sama. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo, don haka maganar maras lafiya ita ce ma'auni. Ana kuma tambaya ko yana shan giya ko wata ƙwaya, ko ya taɓa sha. Ba don a kunyata shi ake tambaya ba, don a san irin tsaron da za a yi mashi ne.

Na biyu, a fara da abin da ba ya kama mutum: maganin mataki na farko, motsa jiki, gasa wuri, rage nauyi, gyaran yadda ake ɗaukar kaya, da wasu magunguna na musamman don zafin jijiyoyi. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da anka yi a Amurka bisa tsofaffin sojoji 240 masu ciwon baya ko na gwiwa da ƙugu. Rabi an ba su dangin morfin, rabi an ba su magunguna masu sauƙi. Bayan wata 12, waɗanda sunka sha mai ƙarfi ba su fi sauran samun sauƙi ba, illar magani kuma ta fi yawa gare su. Ke nan ga ciwon baya na yau da kullum, ƙwaya mai ƙarfi ba ita ce mafita ba.

Na uku, in ya zama dole a bada, ana bada shi a matsayin gwaji, da buri bayyananne. Misali mutum ya iya barci, ko ya iya tafiya masallaci da kasuwa da ƙafarshi. Ana farawa da kaɗan. Ana sake ganin shi cikin sati 1 zuwa 4, daga baya aƙalla kowane wata 3. In buri bai cika ba, sai a janye maganin.

Na huɗu, lokotoro guda, farmasi guda. Mutum ba ya karɓar takarda nan ya je can ya karɓi wata. A wurare da yawa ana rubuta yarjejeniya tsakanin lokotoro da maras lafiya: ba zai ƙara yawan magani da kanshi ba, ba zai ba kowa ba, zai ajiye shi inda yara ba su kai.

Na biyar, ba a haɗa shi da giya, ba a haɗa shi da maganin barci irin su diazepam sai da sanin lokotoro, domin haɗin yana danne numfashi. Akwai maganin da ke karya shi in ya yi yawa, sunanshi naloxone, kuma a wasu ƙasashe ana ba iyalin maras lafiya shi su ajiye a gida.

Na shida, ba a tsayar da shi dare ɗaya. Wanda ya yi shekara yana sha, ana rage mashi sannu, wani lokaci kashi 10 cikin 100 kawai a wata. Sannu ba ta hana zuwa.

Ita kanta takardar maganin tana da tsaro. A Faransa morfin yana da takarda ta musamman, ana rubuta yawanshi da haruffa don kar a ƙara lamba, kuma ba ta wuce kwana 28. Tun 2025 sun sa tramol da kodin su ma cikin masu bukatar irin wagga takarda.

5. DARASI DAGA ƘASASHE BIYU

A Amurka, kamfanin Purdue Pharma ya fito da wata ƙwaya mai suna OxyContin a 1996, ya yi ta tallar ta ga lokotoroci yana rage girman haɗarinta. A 2007 an kama shi da laifin yaudara gaban kotu, amma kafin nan ɓarna ta yi nisa. Mutane da yawa sun kamu ta hanyar takardar asibiti, daga baya sunka koma ga ƙwayoyin bayan fage. A 2021 kaɗai, fiye da mutum 80,000 sunka mutu a ƙasar sanadin dangin morfin. A 2016 hukumomin lafiyarsu sun tsananta ƙa'ida. Sai wasu lokotoroci sunka ji tsoro, sunka yanke ma marasa lafiya magani gaba ɗaya, abin ya jawo wata wahala, har anka sake gyara ƙa'idar a 2022. Sakaci ya yi ɓarna, tsoro ma ya yi tashi.

A Uganda kuwa matsalar irin tamu ce, watau rashin magani. A 1993 wata lokotoro mai suna Anne Merriman ta kafa Hospice Africa Uganda. Sun ɗauki hanya mai arha: garin morfin ake damawa da ruwa, a zuba cikin kwalba, maras lafiya ya riƙa sha da ma'auni a gidanshi. Da yake lokotoroci ba su da yawa a ƙauyuka, a 2004 gwamnati ta yarda ma'aikatan jinya da sunka samu horo na musamman su riƙa rubuta shi. Wanga ya nuna cewa ƙasa maras wadata tana iya sauƙaƙa ma mai ciwon daji azaba ba tare da ta buɗe ƙofa ga ƴan ƙwaya ba.

Wani babban rahoto na masana da ya fito a 2017 ya nuna cewa rabin mutanen duniya, waɗanda sunka fi talauci, ba su samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da ake rabawa. Muna cikin wanga rabi.

6. HALIN DA MUKE CIKI

Morfin yana ƙarƙashin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961. Kowace ƙasa tana faɗin abin da take bukata a shekara ga wata hukuma da ke Vienna, kuma ana lissafin kowane giram. Don haka a ƙasarmu wurinshi asibiti ne, hannun lokotoro. A nan Yamai masu ciwo mai tsanani suna zuwa Babban Asibitin Ƙasa, da na Lamorde, da babban asibitin Référence. Akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gashin daji da na'ura a 2021, akwai kuma cibiyar masu amosanin jini.

Tramol shi ba ya cikin waccan yarjejeniya, kuma ta wagga kafa ce ya malalo Afirka ta Yamma. Na asibiti ƙwayarshi miligiram 50 ce galibi, kuma ba a yarda babba ya wuce 400 a yini ba. Na bayan fage, wanda mafi yawanshi daga Indiya yake fitowa, ana samun mai 120, mai 200, mai 225, har mai 250. Ku yi lissafi da kanku: ƙwaya 2 masu 225 sun riga sun wuce iyakar yini, alhali akwai masu haɗiye fiye da haka kafin azahar.

Su wa ke sha? Mun san su, ɗiyanmu ne. Ɗan ga-ruwa, ɗan dako, ɗan kabu-kabu, mai bugun bulo, mai noman ƙwadago, da masu tafiya haƙar zinariya. Yawancinsu ba neman maye ya kai su ba da farko. Gajiya ce da ciwon jiki, da son a yi aikin kwana biyu cikin yini guda. Har dabbobi ake ba. A 2013 wasu masana sun ce sun samu tramol cikin saiwar tafashiya a arewacin Kamaru, anka yi ta murna cewa itacen ne ke yin shi. A 2014 wasu masana na Jamus sunka nuna cewa daga fitsarin shanun noma da na mutane ya shiga ƙasa, saiwa ta tsotse shi. Wanga kaɗai ya isa ya nuna yawan abin da ake sha.

Hukuma ba ta zauna ba. Nijar tana da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi tun 1999, a ƙarshen 2013 kuma ta sa tramol cikin jerinsu, ofishin OCRTIS yana kama masu fataucinshi. A 2018 Indiya ta tsananta dokar fitar da shi, a wannan shekara kuma Najeriya ta hana maganin tari mai kodin. Sai ƴan kasuwar sunka sake dabara, sunka kawo wasu ƙwayoyi irin su Tafrodol, haɗin wani dangin morfin da ya fi tramol ƙarfi da maganin sakin jijiya. Indiya ta hana yin wanga haɗi a 2025. Don haka kar sabon suna ko sabon launin kwali ya ruɗe mu.

Akwai illa guda da ba a cika faɗi ba. Saboda sunan tramol ya ɓaci, wasu iyalai in lokotoro ya rubuta shi, ko ya ambaci morfin, sai su ƙi. Wasu na cewa za a mai da tsohonsu ɗan ƙwaya, wasu na cewa morfin allurar sallama ce. Ba haka ba ne. In an bada shi bisa ma'auni, yana ba mutum damar barci, da cin abinci, da ganawa da iyalinshi cikin hayyacinshi. Haƙuri da ciwo abu ne mai kyau, amma neman sauƙi bai ɓata haƙuri ba.

7. ABIN DA MUKE ROƘON TARO

Muna ajiye shawarwari 6 gaban taro, ku duba ku gyara.

1) Duk maras lafiyar da ya zo daga gida, a samu mutum guda mai jin Faransanci ya raka shi, ya tambayi lokotoro sunan magani, da yawanshi, da lokutan sha, da ranar dawowa, ya rubuta cikin kaye guda da zai bi maras lafiya har gida.

2) Asusun ƙungiya ya biya maganin da ke bisa takardar lokotoro kaɗai, kuma a saye shi a farmasi. Kar dala guda ta ƙungiya ta shiga hannun masu tallar magani bisa tire ko keke.

3) Wanda zai koma ƙauye da magani mai ƙarfi, a haɗa shi da majo na likitar garinmu tun kafin ya tashi, kuma a tanadi kuɗin motar dawowa ranar da anka sa mashi, don kar magani ya yanke mashi a tsakiya.

4) Cikin gida, mutum guda babba ya riƙe maganin, a kulle. Ba a ba maƙwabci don ya ce ciwonshi iri ɗaya ne. Ba a ba yaro: tun 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta hana ba yara ƙasa da shekara 12 tramol da kodin. In ya yi saura, a mayar da shi asibiti ko farmasi.

5) In kun ga mai shan irin wanga magani ya yi barcin da ba a iya tada shi, numfashinshi ya yi ƙasa, ko ya faɗi yana jijjiga, ku kwantar da shi bisa gefe, kar ku ɗura mashi ruwa ko nono, ku kai shi asibiti nan take tare da kwalin abin da ya sha.

6) Saurayin da ya kamu, kar a kore shi, kar a ɗaure shi, kar a ce ya bari yau-yau. A kai shi ga lokotoro a rage mashi sannu, a duba ciwon da ya fara kai shi ga ƙwaya. Babban Asibitin Ƙasa yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, zuwa can ba abin kunya ba ne. Muna roƙon dattawa biyu da iyaye mata biyu su ɗauki nauyin sauraren irin waɗanga iyalai cikin sirri.

Mu malaman lakwal namu alkawarin shi ne za mu riƙa yi ma ƴan manyan azuzuwa wanga bayani, kuma lokacin hutu in mun je gida za mu maimaita shi a dandali, tare da majo in ya samu sarari. Muna roƙon sakataren ƙungiya ya buga jawabin cikin takardarmu, masu karatu kuma su karanta ma waɗanda ba su yi ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya shirya mamu zuri'a.